Babi na Bakwai: Shafin da Ke Gudu Bayan An Ɗage Yatsa

Me ya sa shafi ke gudu da kansa a waya, amma a kwamfuta sai an yi ta ja? Duk wanda ya saba da waya kafin ya zauna gaban kwamfuta ya taɓa yin wannan tambaya, ko a fili ko a zuci. A waya, da ka fizgi gilashin sau ɗaya da babban yatsa, sai saƙonnin WhatsApp su yi ta wucewa fuu, suna rage gudu sannu a hankali har su tsaya. A kwamfutar tebur kuwa, kana murza 'yar tayar nan da ke tsakiyar maus shafin na motsi, kana dainawa ya tsaya cak. Laftof ta zauna tsaka-tsaki. Wata, faifan taɓawar da ke ƙasan madannanta yakan bar shafi ya gangara kamar na waya, wata kuwa ko alama.

Galibinmu ta ƙofar waya muka shigo wannan duniya. Yara da yawa ba su taɓa riƙe maus ba sai da jarrabawar JAMB ta matso, tun da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Wanda ya zo da sabon waya a yatsunsa, dole ya ga kamar maus ne ke da nakasu, ya ce me zai hana a sa masa irin gangarar nan kowa ya huta. Masu rubuta manhaja ma sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka. Ra'ayina a wannan babi shi ne faifan taɓawa ya cancanci gangara, tayar maus mai gaɓoɓi kuwa ba ta cancanta ba. Dalilin yana ga abin da kowace na'ura ke iya gaya wa kwamfuta game da hannun da ke kanta.

Inda abin ya samo asali

Ranar 9 ga Janairu 2007, Steve Jobs na kamfanin Apple ya tsaya gaban taro a San Francisco yana nuna iPhone ta farko. Ya buɗe jerin sunayen mawaƙa, ya ɗora yatsa ya fizga sama, jerin ya gangara ya tsaya da kansa. Zauren ya ɗauki sowa. Yau ko yaro ɗan shekara uku ba zai ɗaga kai ya kalli wannan ba, amma a lokacin masu waya da madannin sama da ƙasa suke bin jeri, layi bayan layi, ko su kama siririn sandan gefen shafi da ɗan tsinken roba.

Wanda ya tsara wannan motsi a Apple wani ɗan ƙasar Holan ne, Bas Ording. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ɗan tsallen da shafi ke yi idan ya kai ƙarshe, ya wuce iyaka kaɗan sannan ya dawo. A 2010 Jobs ya ba da labarin cewa tablet suka fara nufin ƙerawa, da ya ga gwajin gangarar nan sai ya ce ai da wannan za a iya yin waya, aka jingine tablet ɗin tukuna. Shi ɗan tsallen ma har kotu ya kai, domin yana cikin abubuwan da Apple ya yi ƙarar Samsung a kansu, shari'ar da a Agusta 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a Kalifoniya suka ce a biya Apple sama da dala biliyan ɗaya, kafin daga baya a rage kuɗin.

Lissafin da ke bayan gilashi

Babu abin da ke gangara da gaske a cikin waya. Shafi ba shi da nauyi, lissafi ne ke kwaikwayon nauyin. Muddin yatsa na kan gilashi, wayar na auna inda yake sau da dama cikin kowane sakan, shafin na binsa sau da ƙafa. A daidai lokacin da yatsan ya rabu da gilashi, sai ta duba 'yan ma'aunan ƙarshe ta gane saurin da yake yi, ta ɗora wa shafin wannan saurin, sannan ta shiga zaftare shi.

A iPhone adadin da aka saba amfani da shi 0.998 ne. Ma'anarsa, a kowane kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saurin shafin kan koma 998 cikin 1,000 na yadda yake. Ragin kamar ba komai ba, amma tarawa yake yi. Bayan kusan sulusin sakan saurin ya koma rabi. Bayan sakan guda saura kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. Bayan sakan biyu bai kai kashi 2 ba. Idan aka haɗa tafiyar duka, shafin zai ci nisan da zai ci a rabin sakan da a ce bai rage gudu ba ko kaɗan. Wato idan yatsanka ya bar gilashi yana gudun santimita 40 a sakan, shafin zai ƙara kusan santimita 20 bayan ka saki. A lissafin tsantsa saurin ba ya taɓa kaiwa sifili, shi ya sa idan ya yi ƙasa ainun manhajar kan datse shi kawai, ido ba ya lura.

Abubuwa biyu wannan tsari ya dogara da su. Na farko, wayar ta san lokacin da ka saki, ta kuma san ko da gudu ka saki ko bayan ka tsaya. Idan ka ja shafi a hankali, ka dakata, sannan ka ɗage yatsa, saurin sifili ne, shafin ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. Na biyu, kana da birki. Shafi na cikin gudu ka hango abin da kake nema, sai ka ɗora yatsa ya tsaya nan take. Mutane ba su cika lura da birkin ba, alhali shi ne ya sa gangarar ta zama abin amfani. Da babu shi, kowace fizga caca ce.

Tayar maus ƙirga take yi

Maus ya girmi wayar taɓawa nesa ba kusa ba. Douglas Engelbart ya nuna nasa a bainar jama'a a Disamba 1968, shi ma a San Francisco. Taya ta zo daga baya, a tsakiyar shekarun 1990, kuma IntelliMouse na Microsoft da ya fito a 1996 shi ya yaɗa ta duniya.

Ka murza tayar maus ɗinka a hankali, za ka ji tana ƙas, ƙas, ƙas ƙarƙashin yatsa. Yawancinsu gaɓoɓi 24 ne a zagaye guda, kowace gaɓa digiri 15. Duk gaɓar da ta wuce, maus ya aika wa kwamfuta saƙo ɗaya: gaba ɗaya, ko baya ɗaya. A Windows ana lissafa kowace gaɓa da lamba 120, kuma idan ba a sauya saiti ba tana motsa shafi layi uku. An zaɓi 120 ne domin tana rabuwa gida-gida ba saura, da 2, da 3, da 4, da 5, da 6, da 8, da 10, saboda in an ƙera taya mai ƙananan taku a gaba ta samu yadda za ta faɗi rabin gaɓa ko sulusinta. Hangen ya yi rana, don yau akwai maus na Logitech da ke raba gaɓa gida 8, kowane kashi 15.

Wannan aikin carbi ne. Mai jan carbi ƙwaya ɗaya yake turawa a kowane ƙirge, yatsansa ne ke riƙe da lissafin, ba sai ya duba ba. Da a ce ƙwayoyin kan ci gaba da zamewa da kansu duk sanda ya ɗan yi sauri, da carbin ya tashi daga aiki, domin amfaninsa duka shi ne turi ɗaya, ƙwaya ɗaya. Haka mai aikin Excel da ke shigar da makin ɗalibai. Ya san gaɓa biyu layi shida ne, idonsa na kan takarda, yatsansa na sauko da shi daidai inda yake so.

Yanzu a gwada ɗora gangara a kan wannan. Maus bai san ko yatsa na kan tayar ba. Ba shi da abin da zai ji taɓawa da shi, juyawa kawai yake ji. Mutum ya murza gaɓa biyar da sauri sai saƙo ya yanke. Ya tsaya ne don ya iso inda yake so? Ya ɗage yatsa ne don ya mayar da shi baya ya sake murzawa? Ko fizga ya yi yana son shafin ya yi ta tafiya? Duka ukun kamanni ɗaya suke da shi a wurin kwamfuta: saƙo biyar, sannan shiru. Manhajar da ta ce za ta ba da gangara a nan sai dai ta yi canke, kuma duk sanda ta canka ba daidai ba, layin da mutum ya tsaya a kai ya wuce shi.

Birkin ma babu. Ka ɗora yatsa a kan taya ka danne ta yadda kake so, matuƙar ba ta juya ba kwamfuta ba ta ji komai ba. Hanyar tsayar da shafin da ke gudu ita ce ka murza baya gaɓa ɗaya, wannan kuwa umarni ne na komawa baya, sai a bar manhaja da wani canken: tsayawa ake nufi ko juyawa?

Ga kuma abin da masu son gangara kan manta. Taya ba jan shafi kaɗai take yi ba. Da ita ake zuƙo taswira, da ita ake wucewa daga allo zuwa allo a PowerPoint, da ita masu wasannin kwamfuta ke sauya makami. A manhajoji da yawa na Windows, idan kibiya na kan akwatin zaɓi, murza taya kan sauya abin da aka zaɓa. Ka ɗauka kana cike fom, ka zo akwatin jiha, jihohin na jere bisa haruffa. Gaɓa ɗaya ta kai ka daga Kaduna zuwa Kano, ka tsaya. In da gangara, kafin ka ankara an wuce Katsina da Kebbi, fom ɗinka na cewa kai ɗan Kogi ne.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita su da gangara. Ɗaya shi ne laushin motsi: maimakon layi ukun su yi tsalle lokaci guda, burauza ta zame da su cikin ɗan ƙiftawar ido don ido ya bi. Nisan bai ƙaru ba, tafiyar ce aka tausasa, kuma wannan ba ni da ja a kansa. Ɗayan shi ne ƙarin taku idan an murza da sauri, kamar yadda macOS ke yi, inda gaɓa ɗaya a hankali ke ba da ɗan motsi, da sauri kuma ta ba da mai yawa. Wannan ma yana ɓata ƙirge, shi ya sa masu amfani da Mac da yawa ke neman manhajar kashe shi, amma ko ba komai kana daina murzawa yake tsayawa.

Faifan taɓawa ɗan gidan gilashi ne

Faifan taɓawa kuwa aikinsa irin na fuskar waya ne, yana jin yatsu ta hanyar canjin lantarki a samansa. Ya san yatsu nawa ne a kai, ya san inda suke, ya san lokacin da suka sauka da lokacin da suka tashi. Duka sharuɗɗan nan biyu sun cika ke nan: akwai saki, akwai birki. Ga shi kuma ƙarami, tsawonsa daga sama zuwa ƙasa bai fi 'yan santimita ba. In babu gangara, karanta doguwar takarda sai an yi ta shara da yatsu biyu har wuyan hannu ya gaji.

Apple ya fara kai gangara kwamfuta da Magic Mouse a Oktoba 2009. Wani zai ce to ga maus mai gangara nan, amma Magic Mouse ba shi da taya, bayansa duka faifan taɓawa ne, don haka ya san lokacin da yatsa ya tashi. A 2010 abin ya shiga faifan MacBook. Microsoft ya biyo baya a 2013 tare da Windows 8.1, da tsarin da ya kira Precision Touchpad, inda faifan ke miƙa wa Windows bayanan yatsu kai tsaye maimakon kowane kamfani ya yi tasa fassarar. Wannan ne ya sa tsofaffin laftof na hannu da ke cike kasuwanninmu suka bambanta da juna, wata ta yi santsi, wata ta yi ta karkarwa, ko da Windows ɗinsu iri ɗaya ne.

Wa ya kamata ya yi lissafin?

Ko da an yarda faifai ya samu gangara, da sauran rina a kaba. Gangarar ƙirƙirarta ake yi bayan yatsu sun tashi, to wa zai ƙirƙira? A nan masu Linux suka sha darasi.

Tsohon direban faifai na Linux, wato manhajar da ke tsakanin na'urar da sauran tsarin, sunansa synaptics, kuma shi da kansa yake yin gangarar. Ka fizga ka saki, shi kuma ya ci gaba da aika saƙonnin ja na ƙarya, yana rage su a hankali, kamar dai har yanzu yatsunka na kai. Matsalar ita ce direba makaho ne, bai san abin da ke kan allo ba. Ka fizgi shafi a burauza ya kai ƙarshe ya tsaya, kai a ganinka magana ta ƙare, amma saƙonnin na nan na zuba. Sai ka danna Ctrl da nufin ka haɗa da T ka buɗe sabon shafi. Burauza ta ga Ctrl a danne ga kuma saƙon ja na shigowa, a wurinta wannan umarnin sauya girman rubutu ne, nan take shafin ya kumbura ko ya ƙanƙance. Ko kuma ka matsar da kibiya zuwa wata taga, ragowar gangarar ta bi ta can ta ja takardar da ba ka taɓa ba.

Da aka zo rubuta magajinsa, libinput, wanda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ke jagoranta, sai aka ƙi sa gangara a cikinsa da gangan. Abin da yake yi shi ne ya gaya wa manhaja tushen kowane saƙo, daga taya ne ko daga yatsu. In daga yatsu ne, ya yi alkawarin aiko da saƙon ƙarshe mai cewa an saki. In daga taya ne, babu wannan alkawari, don shi ma bai sani ba. Daga nan ya rage wa manhajar da ke nuna shafin ta yi gangarar, tun da ita ta san inda shafi ya ƙare da tagar da aka fara ja a ciki. Tsarin ya yi daidai, amma ya zo da nasa ciwon kai, domin shekaru da dama masu laftof na Linux sun zauna da manhaja ɗaya mai gangara, ta kusa da ita babu, kowacce sai masu ita sun waiwayi aikin.

Apple ya bi ta tsakiya. Tsarin ne ke ƙirƙirar saƙonnin gangara, amma yana manna musu alamar cewa na gangara ne, yana kuma aika su wurin da aka yi fizgar. Manhajar da ba ta so sai ta yi watsi da su.

Maganin da aka ƙera da ƙarfe

Masu cewa a ba taya gangara suna da hujja ta gaske. Takarda mai shafi 300 ko jadawali mai layi 5,000 ba abin bi da layi uku-uku ba ne, yatsa na gajiya. Sai dai an daɗe da samo mafita. Danna tayar kanta ƙasa a Windows kan sa shafi ya yi ta tafiya gwargwadon nisan da ka matsar da kibiya, ga madannan Page Down da End, ga Ctrl da F na neman kalma.

Mafitar da ta fi burge ni ita ce ta Logitech, kamfanin ƙasar Suwizalan. A 2006 ya fitar da MX Revolution mai tayar ƙarfe mai nauyi, wadda ake iya sakin haƙoranta ta yi ta juyawa, a cewar kamfanin har sakan bakwai daga fizga ɗaya. A 2019 MX Master 3 ya zo da tayar da maganaɗisu ke riƙewa: a hankali tana ƙas-ƙas gaɓa-gaɓa, ka fizga da ƙarfi ta saki kanta. A nan gangarar ta gaske ce, nauyin ƙarfe ne ke yin ta. Kwamfuta ba ta canki komai ba, abin da taya ta yi kawai take bi. Birki ma ya dawo, da ka taɓa tayar ta tsaya, shafin ya tsaya. Rikicin Ctrl na iya faruwa a nan ma idan ka bar ta tana juyawa, amma kana jin motsinta a hannu, ka san daga inda abin ya fito. Irin wannan maus ɗin in aka ƙara masa gangarar manhaja, an yi tufka a kan tufka.

Gangara biyu a shafi ɗaya

Hakan kuwa na faruwa kullum a intanet. Saƙon da burauza ke miƙa wa shafin yanar gizo idan an ja, adadin motsi kawai yake ɗauke da shi. Ba ya faɗin ko daga taya ne ko daga faifai, ba ya faɗin ko yatsa na kai ko ragowar gudu ne. Duk da haka wasu masu gina shafuka, musamman na tallar kaya, kan ƙwace jan daga hannun burauza su sa nasu santsin don shafin ya yi kyau. Mai maus sai ya ji shafin na jan ƙafa kafin ya tashi, ya kuma zarce bayan an tsaya. Mai MacBook kuwa gangara biyu ke hawa kan juna, ta tsarin da ta shafin, fizga kaɗan ta kai shi ƙasan shafi. Burauza da tsarin kwamfuta sun riga sun san na'urar da ke hannun mutum da saitin da ya zaɓa, shafin kuwa bai sani ba, don haka ladabinsa shi ne ya bar musu aikin.

Waɗanda motsin ke sa wa jiri

Ko a faifan taɓawa, ba kowa gangara ke yi wa daɗi ba. Mai rawar hannu, ko dattijon da yatsunsa suka yi nauyi, kan yi fizgar da bai nufa ba, shafin ya tsere masa. Akwai kuma masu larurar kunnen ciki, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, waɗanda motsin allo kan sa wa jiri da tashin zuciya. Da iOS 7 ta fito a 2013 da yawan zuƙowa da shawagin hotuna, koke ya yi yawa har Apple ya faɗaɗa saitin rage motsi. A Mac, makunnin kashe gangarar faifai yana cikin saitin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman. Wannan tsari nake goyon baya: a faifai gangara ta zo a kunne da hanyar kashewa, a taya mai gaɓoɓi ta zo a kashe, wanda ya ga zai iya da ita ya kunna abinsa.

Da faifan laftof ya ari gangara daga waya, bai tsaya nan ba. A Yuli 2011 Apple ya fitar da OS X Lion, masu Mac suka wayi gari suka tarar yatsu in sun yi sama shafi ma sama yake yi, akasin abin da tayar maus ta koya wa hannayensu shekara goma sha biyar. Babi na gaba zai duba wannan juyin, da tambayar da ke ƙarƙashinsa: idan ka ja, takardar kake turawa ko tagar da kake leƙenta?